Tarihin Hurumin Armand Bayou a Ƙasar Teksas

A kudancin ƙasar Amurka akwai wata jiha mai faɗi ƙwarai da a ke kira Teksas, wadda gefenta na kudu maso gabas ya jingina da tekun Mekziko. Birnin da ya fi kowane girma a cikinta shi ne Hustan, shi ne kuma na huɗu wajen yawan jama'a a Amurka duka. Wanda ya fita daga tsakiyar birnin nan ya nufi kudu maso gabas, zai yi tafiyar kamar mil 25 yana ratsa gidaje da kantuna da matatun mai, ba abin da idonsa zai gani sai kwalta da siminti da bututun hayaƙi. Sa'an nan kwaram sai ya iske kansa a bakin wani rafi mai kwana-kwana, itatuwa sun yi masa rumfa, kada yana shan hantsi a kan gungume, zalɓe yana tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya kamar ba a taɓa kafa gari kusa da shi ba. Sunan rafin nan Armand Bayou. Shi da dajin da ke kewaye da shi hurumi ne, an keɓe su, ba a gini, ba a noma, ba a farauta. Yadda aka yi wannan yanki ya tsira a tsakiyar birni, da irin wahalar da a ke sha har yau don kada ya lalace, labari ne da ya isa a tsaya a ji.

Kafin a shiga labarin mutane ya kamata a san yadda ƙasar ta ke. Shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ba dutse ba tudu, ƙasarta kuwa baƙar laka ce mai danƙo wadda ba ta shan ruwa da sauri. Ruwan sama da a ke samu can ya kan kai inci 50 a shekara. Da ya ke ba gangare, ruwan ba ya gudu, sai ya taru ya riƙa jan ciki a hankali zuwa teku ta cikin waɗansu rafuka masu nauyin tafiya, su ne mutanen wurin ke kira bayou. Rafin da a ke magana a kansa yana zuba cikin wani tafki mai suna Clear Lake, shi kuma tafkin yana buɗewa cikin babban lungun teku na Galbeston, wanda faɗinsa ya kai murabba'in mil 600, amma zurfinsa a yawancin wurare bai wuce ƙafa 6 zuwa 8 ba. In teku ta cika sai ruwan gishiri ya hauro cikin rafin, in ta janye sai ruwan daɗi ya sauko. Saboda haka ruwan wurin zartsi ne, ba na gishiri sosai ba, ba kuwa na sha ba.

Wannan ruwan zartsi shi ne arzikin wurin. A gefensa akwai fadamu cike da wata irin ciyawa mai jure gishiri, a cikin gindin ciyawar nan ne 'ya'yan jatan lande da na ƙaguwa da na kifaye iri iri ke ɓuya suna kiwo har su yi ƙarfin fita teku. Masuncin da ya jefa tarunsa a tsakiyar lungun Galbeston ya jawo shi cike, galibin abin da ya kama a irin fadamun nan aka rene shi, ko ya sani ko bai sani ba. Bayan fadama sai kurmi na manyan itatuwa da ke bin bakin rafi. Bayan kurmi kuma sai fili fetal na doguwar ciyawa, iyakar ganin ido, ba itace ko ɗaya.

Filin ciyawan nan shi ne abin da ya fi ɓacewa, don haka shi ya fi cancanta a yi bayaninsa. A zamanin da, ya miƙe ne tun daga kudancin Teksas, ya bi gaɓar teku har cikin jihar Luwiziyana, an ƙiyasta faɗinsa ya kai eka miliyan 9. Ciyawarsa irin ta gamba ce, waɗansu irinta in sun yi kai su kan shanye tsayin mutum, a tsakaninsu kuma furanni launi launi. Abin mamaki game da ciyawan nan shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya fi abin da ke sama, gama saiwar waɗansu ta kan nutsa ƙafa 10 ko fiye. Saiwar nan ita ke huda laka, ta buɗe wa ruwan sama hanya ya shige. Har wa yau filin cike ya ke da ƙananan kududdufai waɗanda ke riƙe ruwa bayan an yi ruwan sama, agwagin daji da dinya su sauka a kai lokacin sanyi. Da bazara kuwa ƙananan tsuntsaye su kan taso daga kudu, su ƙetare tekun Mekziko, tafiyar wajen mil 600 ba wurin sauka, su faɗo a gaɓar Teksas a galabaice, suna neman itacen da za su huta da ƙwarin da za su ci. Abu biyu ne suka hana filin nan zama kurmi shekara dubbai: garkunan ɓaunar Amurka da ke kiwo suna tattake ƙananan itatuwa, da kuma wuta, wadda wani lokaci tsawa ke tayarwa, wani lokaci mutanen ƙasar ke sawa. Yau abin da ya rage na wannan fili bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Mutanen da Turawa suka tarar a wannan yanki su ne Akokisa. Masu yawo ne, suna bin kifi da nama da 'ya'yan itatuwa gwargwadon lokacin shekara. Ba su bar ganuwa ko rubutu ba, amma sun bar tsibin ɓawon kawa a bakin rafi, inda suka yi ta ci suna zubarwa, kakanni da jikoki, har ya zama tudu, a ciki kuma a kan tsinci kan kibiya na dutse da sakainar tukwane. Cututtukan da baƙi suka kawo su suka fi cinye su, kafin tsakiyar ƙarni na 19 an daina jin ɗuriyarsu a matsayin al'umma.

A shekarar 1836 mutanen Teksas suka ci sojan Mekziko da yaƙi a San Jacinto, wurin da ba shi da nisa da rafin nan, a shekarar ce kuma aka kafa Hustan. Daga nan sai makiyaya suka cika filin da shanu, aka harbe ɓauna har ta ƙare. A 1874 aka fito da waya mai ƙaya, kowa ya shinge rabonsa, shanu suka daina yawo, suka riƙa cin wuri ɗaya har ƙasa. Manoma suka biyo da garma. Da aka gane laka mai riƙe ruwa ta dace da shinkafa, sai aka yi ta kife ciyawa ana shuka ta. Har wani mutumin Japan mai suna Seito Saibara ya zo garin Webster a 1903 ya kafa gonar shinkafa da ta yi suna. Ciyawar da garma ta kife sau ɗaya kuwa ba ta komowa da kanta.

Abin da ya tsare bakin rafin nan a wannan zamani ba dabara ba ce, sa'a ce kawai. A lokacin sunansa Middle Bayou, watau rafin tsakiya. Yawancin ƙasar da ke kewaye da shi ta faɗa hannun wani attajiri mai cinikin katako da shanu, James West, wanda ya tara wajen eka 30,000 ya mai da ita makiyaya. Tun 1901 aka sami man fetur a Spindletop, can gabas, a 1914 kuma aka buɗe mashigin da aka haƙa don manyan jiragen ruwa su iso Hustan, sai birnin ya shiga kumbura. A 1900 mutanensa ba su kai 45,000 ba, a 1960 sun haura 900,000. A 1938 kamfanin mai na Humble, wanda daga baya ya koma Exxon, ya sayi makiyayar West saboda man da ke ƙarƙashinta. Kamfanin abin da ke cikin ƙasa ya dame shi, bai kula da abin da ke bisanta ba, saboda haka ya bar shanu suna kiwo, rafin kuma ya ci gaba da tafiyarsa fiye da shekara 20 ba wanda ya taɓa shi.

A watan Satumba na 1961 al'amari ya sake. Gwamnatin Amurka ta ƙudura aika mutum zuwa wata, hukumarta ta NASA tana neman wurin da za ta kafa babban ofishin da zai horar da matuƙan kumbo ya kuma riƙa lura da tafiyarsu. Kamfanin Humble ya ba Jami'ar Rice kyautar eka 1,000 daga cikin tsohuwar makiyayar West, jami'ar ta miƙa wa hukumar, aka kafa ofishin a bakin Clear Lake. Kyautar nan irin ta mai jefa ƙaramin kifi ce don ya kama babba. Kamfanin ya san dubban ma'aikata za su zo suna neman gidaje, sauran ƙasar kuwa tasa ce. A 1962 ya kafa wani reshe mai suna Friendswood don yanka filaye da gine-gine, aka soma gina sabon gari, Clear Lake City, a gabas kuma aka keɓe babban fili mai suna Bayport don masana'antun da ke sarrafa mai. Rafin ya zamana a tsakiya, gidaje ta nan, masana'antu ta can, an kuwa riga an zana unguwannin da za a kafa a bakinsa.

Akwai wani tsohon manomi, Jimmy Martyn, wanda ke da 'yar gona ta eka 28 a bakin rafin, ya yi yawancin rayuwarsa a nan. Kamfanin ya taya gonar da kuɗi masu yawa, irin waɗanda bai taɓa riƙewa ba, ya ce ba ta sayarwa ba ce, domin yana son tsuntsaye da namun da ke cikinta su sami wurin zama. Bai daɗe ba bayan haka ya rasu, gonar ta fita daga hannun gidansu. Ƙin da ya yi bai tsai da gini ba, amma mutane sun riƙe labarin, daga baya ya yi amfani.

A nan sai a faɗi abin da a kan yi wa rafukan Hustan a wannan zamani, don a gane abin da ke jiran wannan. Birnin na fama da ambaliya tun kafuwarsa, maganin da injiniyoyi suka sani kuwa ɗaya ne: a sare itatuwan bakin rafi, a miƙe kwanarsa, a shafe cikinsa da kankare, ya zama babbar lambatu mai kwashe ruwa da sauri. Haka aka yi wa rafuka da dama, kifi da kada suka ƙaurace musu. A 1966 wata mata mai suna Terry Hershey ta ga an soma sare bakin rafin Buffalo, wanda ke ratsa tsakiyar birnin, ta tara maƙwabta suka yi tsaye, har ta sami goyon bayan wani sabon wakilin majalisa, George Bush, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, aka dakatar da aikin. Wannan ya nuna wa mutanen Hustan cewa talaka na iya ce wa injiniyan gwamnati a'a, a kuma ji.

Cikin masu irin wannan ra'ayi akwai Armand Yramategui, wanda aka haifa a 1923. Ya yi karatun injiniya, amma aikin da aka san shi da shi shi ne shugabancin ɗakin nuna taurari a gidan ajiye abubuwan halitta na Hustan, inda 'yan makaranta ke zuwa a nuna musu tafiyar rana da wata da taurari a jikin rufin ɗaki. Mutum ne mai son daji ƙwarai. Ya sa hannu cikin neman a tsare babban kurmin Big Thicket na gabashin Teksas, ya kuma riƙa gaya wa duk wanda zai saurara cewa Middle Bayou ya cancanci a keɓe shi, tun da yana cikin 'yan kaɗan da suka rage yadda Allah ya halicce su. Mutane ba su ba maganarsa nauyi sosai ba. A watan Yuli na 1969 aka sauke mutum a kan wata, ana ba da umurni daga ɗakin da bai fi 'yan mil kaɗan daga rafin ba, duniya duka ta san sunan Hustan, alhali kuwa yawancin mutanen Hustan ba su san akwai wannan rafi ba.

A ƙarshen watan Janairu na 1970 wani tauraro mai wutsiya ya bayyana. Da dare Yramategui ya ɗauki kayan duban taurari ya nufi bayan gari, inda hasken fitilu ba zai hana shi gani ba. A kan babbar hanya tayar motarsa ta yi faci. Waɗansu samari suka tsaya kamar za su taimake shi, suka yi masa fashi, suka harbe shi har lahira. Bai kai shekara 50 ba.

Abin da bai samu da bakinsa ba, mutuwarsa ta samo. Abokansa suka ce ba kabari mai ado ya kamace shi ba, rafin nan ya kamata a tsare da sunansa. Wadda ta ɗauki nauyin abin a ka ita ce wata mata mai suna Hana Ginzbarg. Ba 'yar sarauta ba ce, ba ta da muƙami a gwamnati, ba ta kuwa da dukiyar sayen ko gefen filin. Abin da ta ke da shi naci ne. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin majalisar garin Pasadena, wanda rafin ke cikin iyakarsa, da hukumar gundumar Harris, da ofisoshin gwamnatin tarayya, da shugabannin kamfanin. Ta rubuta wasiƙu ba iyaka. Dabararta mafi kyau kuwa ita ce, maimakon ta tsaya bayani a ofis, sai a sa manyan mutane da 'yan jarida cikin kwalekwale a zaga da su rafin su gani da idonsu, gama gani ya kori ji. Lokacin ma ya taimake ta. A watan Afrilu na shekarar nan aka yi bikin Ranar Duniya na farko a Amurka, mutane miliyoyi suka fito suna kukan ƙazantar ruwa da iska, har 'yan siyasa suka ga akwai ƙuri'a a cikin maganar.

Ba a daɗe ba aka sake wa rafin suna, ya koma Armand Bayou. Sauya suna abu ne mai sauƙi, kuɗin sayen ƙasa shi ne aiki, domin filin da ke kusa da sabon gari kullum tsada ya ke ƙarawa. Aka yi karo-karo, 'yan makaranta da ƙungiyoyin mata da attajirai kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, garin Pasadena da gundumar Harris suka sa nasu, gwamnatin tarayya ta ƙara, aka riƙa sayen filin yanki yanki daga hannun kamfanin. In za a yi adalci, kamfanin bai yi taurin kan da ya ke da ikon yi ba, ya jinkirta gini ya kuma yarda ya sayar, ko da ya ke ba kyauta ya bayar ba. A 1974 aka kafa ƙungiyar da za ta riƙa kula da wurin, hurumin ya tashi wajen eka 2,500. Aka gina wata 'yar gona irin ta manoman ƙarshen ƙarni na 19 don yara su ga zaman kakanninsu, aka sa mata sunan Martyn. Daga baya jihar Teksas ta sa rafin cikin jerin ruwayen gaɓar teku da doka ta tsare, aka kuma hana jiragen ruwa masu injin fetur shiga can cikinsa.

Mai karatu zai zaci labari ya ƙare ke nan, an kewaye daji da shinge, sai a bar shi ya huta. Ashe wahalar ba ta ma soma ba. Shinge yana hana mai gini shiga, amma akwai ɓarna iri biyu da ba ruwansu da shinge.

Ta farko daga ƙarƙashin ƙasa ta fito. Shekara da shekaru birnin Hustan da masana'antunsa da gonakin shinkafa ruwan rijiyoyin burtsatse su ke sha, ana zuƙo shi da manyan injuna dare da rana. Ƙarƙashin yankin kuwa hawa hawa ne, yashi mai ruwa, sa'an nan laka, sa'an nan yashi kuma. In aka zuƙe ruwan yashi sai lakar ta tsiyaye nata ruwan ta matse, kamar soson da aka ɗora wa dutse, ƙasar da ke sama ta sauka. Lakar da ta matse kuwa ba ta sake kumbura ko an mai da ruwan. Ta haka waɗansu wurare kusa da mashigin jiragen ruwa suka nutse kusan ƙafa 10 cikin ƙarni na 20. A garin Baytown akwai wata unguwar masu hali mai suna Brownwood wadda ta yi ta sauka har ruwan teku ya riƙa shiga ɗakuna, da guguwar Alicia ta buge ta a 1983 sai aka tashi mutanen ɗungum. A Armand Bayou ƙasa ta sauka ƙafafu da dama. Ciyawar fadama tana son ruwa ya taɓa gindinta ya janye, ba ta son ya shanye kanta, saboda haka ta nutse ta mutu. Tsakanin 1956 da 1979 mafi yawan fadamun rafin suka zama buɗaɗɗen ruwa, ƙasan rafin ya faɗaɗa ya koma kamar tafki, manyan itatuwan da ke baki suka bushe a tsaye, gishiri ya kashe su. Watau a daidai lokacin da a ke ta fafutukar sayen wurin, abin da a ke so a tsare yana nutsewa.

A 1975 majalisar Teksas ta kafa hukuma ta musamman don ƙayyade ɗiban ruwan ƙasa a gundumomin Harris da Galbeston. Aka tilasta wa masana'antu da garuruwa su koma shan ruwan kogi, wanda a ke jawowa daga madatsun da aka yi a kan kogin San Jacinto da na Trinity. Nutsewar ta yi sauƙi ƙwarai a wannan gefe. Amma fadamar da ta mutu sai da hannu aka mai da ita. Ma'aikatan hurumin da 'yan sa kai su kan reni ciyawar a cikin kududdufai, sa'an nan su shiga laka har gwiwa, wani lokaci har ƙugu, su dasa ta tushe ɗaya ɗaya a bakin ruwa, su kewaye ta da shinge don kada kifi da sauran dabbobin ruwa su cinye ta tun tana ƙarama. Aiki ne mai cin rai, eka guda ta kan ci kwanaki, amma inda ta kama sai a ga jatan lande da zalɓe sun komo.

Ɓarna ta biyu ta sama ta zo, a bakin tsuntsaye. Akwai wani itace na ƙasar Sin wanda 'ya'yansa ke da farin kitse a jiki, can a ke yin kyandir da sabulu da shi. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin iyayen ƙasar Amurka, ya aiko da irinsa a 1772 da kyakkyawar niyya, a farkon ƙarni na 20 kuma ma'aikatar gona ta gwamnati ta ƙarfafa mutanen gaɓar teku su shuka shi don a kafa sana'ar sabulu. Sana'ar ba ta yi ba, itacen ya zauna. Masu gina unguwanni suka so shi don yana girma da sauri yana ba da inuwa. Shanu ba su cin ganyensa, ƙwarin da ke cinsa a ƙasarsu ba su biyo shi ba, itace ɗaya kuma ya kan zuba 'ya'ya dubbai, tsuntsaye su ci su kai ko'ina. Wani ƙidayar itatuwa da aka yi a yankin Hustan a 2005 ya nuna cewa wajen ɗaya cikin kowane itace biyar shi ne. Da aka fitar da shanu daga hurumin aka kuma hana wuta, sai itacen nan ya sami abin da ya ke so. Cikin 'yan shekaru filin ciyawa ya soma zama duhuwar itace iri ɗaya, inuwarsa ta kashe ciyawa, tsuntsayen fili suka watse.

Nan ne masu kula da wurin suka gane cewa barin daji kawai ba tsare shi ba ne. Filin nan ɓauna da wuta suka rene shi, tun da ba su, dole mutum ya yi aikinsu. Wanda ya saba jin ana hana ƙunar daji zai yi mamakin jin cewa a nan ma'aikatan hurumi ne da kansu ke sa wuta. Amma ba irin wutar mafarauci ba ce da a kan cinna a tafi. A kan raba filin yanki yanki, a share iyakar kowane, a jira ranar da iska ke kaɗawa ta inda hayaƙi ba zai rufe hanya ko ya shiga gidajen mutane ba, a sanar da 'yan kwana-kwana, sa'an nan a ƙone yanki guda, mutane na tsaye da ruwa. Wuta ta cinye busasshiyar ciyawa da ƙananan itatuwa, amma ba ta kai ga saiwar ciyawa, bayan 'yan makonni sai wurin ya yi kore shar. Inda ba dama a sa wuta sai a yanke da inji. Manyan itatuwan kuwa sai an sare an shafa wa kututturen magani, in ba haka ba su tofo da rassa goma a madadin ɗaya. Sa'an nan a zo ga dashe. In aka ji za a yi gini a wani fili da ke da sauran tsohuwar ciyawa, 'yan sa kai su kan riga motar rusau zuwa, su tara iri, su haƙo tushe, su kawo su rena a cikin tukwane, a kai fili a dasa. Yawancinsu tsofaffi ne da suka bar aiki, waɗansu ma daga masana'antun nan na maƙwabta suka yi ritaya, su kan taru kowace Jumma'a don wannan aiki ba a biyansu ko anini. An kuma ajiye 'yan ɓauna kaɗan cikin shinge don yara su ga dabbar da ta mallaki filin a da.

Akwai abin da duk wannan ƙoƙari bai iya maidowa ba. Wata tsuntsuwa mai kama da fakara, wadda a ke kira kazar fili ta Attwater, a da ta kai wajen miliyan ɗaya a filayen gaɓar nan. Da bazara zakarunta su kan taru su kumbura wata jaka mai ruwan lemo a wuyansu, su yi ta buga ƙafa suna wani irin gunji da a ke ji daga nesa. A 1937 saura kamar 8,700, a 1967 saura kamar 1,000. Tana bukatar fili mai faɗi ƙwarai wanda ba itace, hurumin nan kuwa ya yi mata kaɗan. Sai a wani hurumi dabam da aka keɓe mata a 1972, can yamma da Hustan, a ke ƙoƙarin riƙe ta, gidan namun daji na Hustan kuma ya ɗauki aikin ƙyanƙyasarta cikin keji a harabar ofishin NASA ɗin nan, a riƙa kai 'ya'yan ana saki.

Masu cewa hurumi asarar fili ne, da an yi gidaje da an sami haraji, sun sami amsa a watan Agusta na 2017. Guguwar Harvey ta tsaya a kan yankin Hustan kwana huɗu tana zuba ruwa, waɗansu wurare aka auna fiye da inci 50, watau ruwan shekara guda cikin 'yan kwanaki. Gidaje fiye da 100,000 ruwa ya shiga a gundumar Harris kaɗai. Ba wanda zai ce fili da fadama za su iya shanye irin wannan ruwa duka, ko da ba a gina kome ba da an yi ambaliya. Amma ruwan da ya sauka a kan kwalta nan take ya ke gangarawa gidan maƙwabci, wanda ya sauka a kan ciyawa da kududdufi kuwa ya kan dakata. A Clear Lake City akwai wani tsohon filin wasan golf da mutanen unguwa suka hana a yi gini a kansa, aka soma haƙa shi ana mai da shi tafkuna da fadama, suna kiransa Exploration Green. Ba a ko gama kashi na farko na aikin ba sa'ad da guguwar ta zo, duk da haka ya riƙe wajen galan miliyan 100 na ruwan da da cikin ɗakunan mutane zai kwana.

Hana Ginzbarg ta rasu a 2013, ta ga wurin ya cika da 'yan makaranta da ke zuwa dubbai kowace shekara. An lissafta tsuntsaye fiye da iri 220 a cikinsa, gaggafa mai farin kai, wadda ita ce tambarin Amurka, ta komo tana sheƙa a bakin rafin bayan ta daɗe da ɓacewa. A 2024, shekara 50 da kafa hurumin, aka ƙara masa fiye da eka 1,000 daga sauran ƙasar da ta rage a hannun kamfanin Exxon, har ya kusa kai eka 4,000. Sabon filin tsohuwar makiyaya ce da wurin haƙar mai, itacen nan na Sin ya riga ya kama wurare da yawa a cikinsa, sai an bi shi da gatari da wuta da dashe, eka bayan eka, kamar yadda aka yi wa na farko. Ruwan da ke gangarowa cikin rafin kuwa har yanzu daga titunan Pasadena da Hustan ya ke fitowa, ɗauke da takin lambuna da man motoci da robobi, tekun Galbeston kuma tana ƙara hawa kaɗan kaɗan a kan fadamar da aka dasa da hannu.